Ƙarfen Shela da Kwanon Rufi

Ku da kuke ganin aikin shela bai wuce a ɗaure lasifika a bayan babur, a zura memori, a murɗa totur ba, ku zauna ku ji. Kwanan baya ɗaya daga cikinku ya ce min wai surutu kawai nake sayarwa, ko aku aka ba shi batir zai iya. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, amma ban tanka ba, don akwai abin da ya sa bakina ya yi nauyi a birnin nan. Sunana Ɗalhatu, kuma tun ina saurayi nake shela daga Limancin Kona zuwa Ƙofar Galadima. Na san a bayan idona Ɗalhatu Kwano kuke ce min. Kun gaji sunan ne daga yayyenku, ba ku san inda ya samo asali ba.

Aikina na farko cigiyar akuya ce. Mahaifina ne ya kai ni wurin Baba Yero, mai shelar unguwanninmu na wancan lokaci, ya ce masa an gaji da muryata a gida, ko za a iya yin wani abin kirki da ita. Baba Yero ya dube ni sama da ƙasa, ya ce akuyar wata mata ta ɓace, baƙa mai farin goshi, in je in faɗa wa mutane. Na shiga lungu da gudu ina kwarara ihu, ina jin daɗin yadda muryata ke dukan katanga tana dawowa. Shi kuwa yana biye da ni a hankali, hannunsa a baya. Da muka iso ƙofar gidansa sai ya tsayar da ni a zaure, ya ɗaga murya ya kira matarsa.

"Kande, me kika ji?"

Daga can cikin gida ta ce, "Na ji an ce baƙa, na kuma ji an ce Allah ya ba da lada. Ban sani ba ko saniya ce ko tukunya."

Baba Yero bai yi dariya ba. Ya ce min, "Ka ji ko? Mai shela in yana tafiya yana magana, kowane gida guntu yake samu. Kai ka faɗi magana duka, amma ba wanda ya ji ta duka."

Daga ranar Inna Kande ta zama ma'aunina. Ni ina lungu, ita tana madafa, in faɗi abin da aka ba ni, ita kuma ta maimaita abin da ya iso kunnenta. In ta ce rabi ya iso, sai Baba Yero ya matsar da ni gaba ko baya, ko ya juya min fuska. A haka na gane cewa kowane lungu a birni yana da wurin tsayawarsa. Zaure yana shanye murya, doguwar katanga tana mayar maka da ita. Sai ka nemi inda katanga ta ɗan rusuna, ko mahaɗar lunguna, ko wani dakali da za ka hau. Na gane ba a shela ana daka, sai ka saurara taɓarya ta huta. Ba a yi ana kiran salla, ba a yi malami na tsakiyar karatu a zaurensa. Na kuma gane cewa ba don maza muke aikin ba. Namiji zai ji labari a masallaci ko a majalisa. Mu don matan cikin gida muke yi, da tsofaffi, da marasa lafiya, waɗanda duniyarsu ta tsaya a bayan katanga. In na yi daidai, Inna Kande takan miƙo min kunun tsamiya da ɗumi, ta ce in jiƙa maƙogwaro. In ban yi daidai ba ma takan miƙo, amma da baƙar magana a kai.

Na daɗe ina bin Baba Yero kafin ya bar ni in taɓa ƙarfensa. Ba wani abin a zo a gani ba ne, bakin tsohuwar garma ne da aka huda aka zura masa igiyar fata, sai wata ƙatuwar ƙusa ta bugu. Amma yana da doka. Ba a buga shi don akuya, ba a buga shi don biki, ba a buga shi don mai magani ko da riga zai ɗinka maka. Sai gobara, sai ɓatan yaro, sai abin da zai taɓa rai. Ranar da na fara ganin aikin ƙarfen, wani mahaukacin kare ne ya shigo ta Ƙofar Galadima da hantsi, ya ciji jaki, ya bi lungu. Baba Yero ya hau dakali ya buga ƙarfen. Wallahi kafin ya buɗe baki na ji taɓarya ta tsaya a gidaje, keken ɗinkin wani tela ya yi shiru, har jariri mai kuka aka toshe masa baki da nono. Ya faɗi maganarsa a taƙaice, ya maimaita, muka matsa gaba. Kafin karen ya zagayo ba ɗa ko ɗaya a waje. Da muka koma na ce masa ƙarfen nan akwai asiri a jikinsa. Ya ce babu wani asiri, bai dai taɓa buga shi a banza ba ne.

Da Allah ya yi masa rasuwa, bayan an share makoki, Inna Kande ta aika aka kira ni. Ta miƙo min ƙarfen a naɗe cikin tsohon rawaninsa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ka dai san abin da ake buga shi a kai."

Lasifikata ta farko a wurin wani mai gyaran rediyo na same ta, irin mai ƙahon nan, da makirfo mai igiya da sai ka riƙe shi a karkace yake kamawa. Batir ɗin babur nake ɗaure mata a kariyar keke da roba. Ku da kuke caja waya ku kwanta, ba ku san abin da ake nufi da batir ya mutu maka a tsakiyar sanarwar ɗaurin aure ba, ga uwar amarya ta leƙo tana ƙirga sunayen da ba ka kai gare su ba. Masu kawo aiki kuwa kowa da halinsa. Mai maganin shawara yana so ka ce maganinsa har karaya yake ɗorawa. Ɗan siyasa yana so ka tsaya a ƙofar gidan abokin hamayyarsa ka daɗe. Ma'aikatan rigakafi suna kawo maka magana da Hausar ofis, sai ka zauna ka warware ta ta zama irin wadda tsohuwa za ta gane. Duk na yi, kuma ban ji kunyar ko ɗaya ba, don talla halal ce, da ita na ciyar da iyalina. Mutane sun san muryata iri biyu ce. In sun ji ni haka kawai, wanda ya ga dama ya saurara. In sun ji ƙarfe, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa.

To, sai damina ta fara canza hali. Ku kanku kun gani. Ruwan da a da yake rarrabuwa a hankali, sai ya taru ya zubo cikin 'yan kwanaki, ga iska a gabansa. Gidajenmu na birni kuwa yawanci ƙasa ce, soro ne da azara. Ginin ƙasa yana jure ruwa in yana samun rana tsakani ya sha iska. In aka jera kwanaki ana zuba, sai ya sha ya ƙoshi, ya yi nauyi, ya zauna a kan wanda ke ciki. A wannan tsakanin ne mai unguwa ya aika in zo zaurensa. Na tarar da baƙi biyu. Ɗaya Malam Sanusi, ma'aikacin wani ofishin gwamnati, mutum mai sanyin magana. Ɗayan wani matashi ne, Bashir, wakilin wani kamfanin kwanon rufi.

Malam Sanusi ya ce, "Malam Ɗalhatu, gwamnati tana da masu duba yanayi, suna gane ruwa mai nauyi tun kafin ya iso. Saƙon yana zuwa mana a waya. Amma tsohuwar da ke ƙuryar gida ba ta karanta saƙon waya. Kuma gaskiya ofis ba shi da abin hawan da zai bi lunguna."

Bashir ya karɓa. "Shi ya sa muka shigo, Baba. Mu za mu ba da babur, da sabuwar lasifika, da mai. Namu dai a ambaci sunanmu, shi ke nan."

Mai unguwa ya ce an yi magana da masu makarantar Islamiyya, za a buɗe azuzuwa ga duk wanda ɗakinsa ba shi da ƙwari. Na ce in dai don wannan ne, ko da ƙafa zan yi.

Dole in faɗa muku cewa shekarar farko abin ya yi kyau, kada ku ɗauka shirin banza ne tun asali. In saƙo ya zo, Malam Sanusi ya kira ni, in hau babur, in tsaya a kowace matsaya da na sani, in kashe inji, in buga ƙarfe. In ce ruwa mai yawa na tafe, a share indararo, a buɗe magudana, a duba soro, wanda ɗakinsa ke zubar da ƙasa ya fita. Sai can a ƙarshe, da murya ƙasa ƙasa, in ce masu kwano kaza ne suka ba da abin hawa, Allah ya saka musu. Mutane suka ji. Magina suka samu aikin yaɓe, matasa suka kwashe kwata. A wajen Ƙofar Galadima wani ɗaki ya rufta a daminar, amma ba kowa a ciki, an kwashe tsohon da ke kwana a nan tun da na wuce. Ɗansa ya tare ni a hanya ya riƙe hannuna yana godiya. Ban taɓa jin sana'ata ta yi min daɗi kamar ranar ba.

Da aka ga abin ya karɓu, sai aka ce a faɗaɗa shi zuwa sauran unguwannin birni. Mutum ɗaya ba zai iya zagaye su ba kafin hadari ya haɗu, wannan gaskiya ne. Bashir ya ce abu mai sauƙi ne, za a naɗi muryata a raba wa 'yan achaɓa. Ya ɗauke ni a mota ya kai ni wani ɗaki da aka liƙe bangonsa da soso, ga sanyi, ga wani abu da aka kifa min a kunnuwa. Ina buɗe jakata in ɗauko citta sai ya hango rawanin.

"Baba, wannan fa?"

Na ce ƙarfen gargaɗi ne, na yi masa bayaninsa.

"Kai! Ai shi ne abin. Buga mu ji."

Na buga. Suka mayar min da shi a kunne, na ji wani zaƙi da tsawon amo da ban taɓa sanin ƙarfen yana da shi ba. Na karanta gargaɗin, sannan suka ba ni tallar kwanon na karanta daban. Kafin in fita na ce wa Bashir, "Ƙarfen nan na gargaɗi ne kaɗai fa." Ya ce, "Ba matsala, Baba." Na koma gida hankalina kwance, don ƙarfen yana jakata. Duk rayuwata abin da na sani shi ne, in ka buga ƙarfe amonsa ya tashi ya mutu a iska, ba zai sake tashi ba sai ka sake ɗaga hannu. Ko kusa bai zo min a rai ba cewa an ajiye bugun, kuma kowane yatsa zai iya taɓa shi.

Abin da aka raba wa 'yan achaɓa ga yadda aka jera shi: ƙarfe, sai tallar kwano, sai gargaɗi, sai kuma tallar kwano. Su kuwa yaran zagaye aka ce su yi, ba wanda ya ce musu su tsaya. Sai wannan gida ya ji "mai ƙarko, ba ya tsatsa", na gaba ya ji "ku fita daga", na gaba da shi ya ji sunan kamfani. Daminar ba ta yi tsanani ba, aka wuce lafiya. Ɓarnar da rani ta zo.

Ina zaune wurin mai shayi wata safiya, sama tas ba ko gajimare, sai na ji ƙarfe. Ni kaina zumbur na miƙe, shayi ya zube min a riga. Na kai hannu jaka, ga ƙarfe a ciki. Na ga tela ya fito da almakashi a hannu, wata mata ta leƙo daga zaure mayafinta a baibai tana kiran sunan ɗanta. Sai babur ya ɓullo, sai ga muryata tana cewa, "Soronka na yoyo? Ka gaji da yaɓe kowace shekara?" Nan take aka tuntsure da dariya. Mai shayi ya ce, "Malam Ɗalhatu, yau gobarar kwano ce ta tashi?" Kunyar da na ji a wurin nan, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ban zauna ba. Na je wurin Malam Sanusi, ya dafe kai ya ce, "Wallahi ban ji daɗi ba. Amma baburan nasu ne, kuma yarjejeniyarmu ta damina ce, ba ta ce komai a kan rani ba." Na je wurin Bashir, ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya ce, "Baba, ƙarfen nan shi ke sa a juyo. Ka san nawa ciniki ya ƙaru?" Na ce ban zo jin ciniki ba. Na ɗaga masa murya har masu gadi suka leƙo. A ƙarshe ya ce za a cire, kuma ina jin ya ba da umarnin, don ba mugun yaro ba ne, bai dai san abin da ya taɓa ba. Amma ina! Abin ya riga ya bazu. 'Yan achaɓa sun tura wa juna, yara sun sa shi a waya ya zama ƙarar kira. Sai kana sahu a masallaci ka ji ƙarfen Baba Yero yana kuka a aljihun wani.

Abin bai tsaya a dariya ba. Masu gidajen ƙasa suka ɗauka gori ake musu. Wani dattijo da muke salla tare ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Ɗalhatu, a ɗakin ƙasa aka yanke maka cibiya, yau kai ne kake bin lungu kana tona mana asiri?" Wasu suka fara cewa ashe dama duk gargaɗin nan dabara ce ta sayar da kwano, a tsorata mutum da ruwa sannan a nuna masa shago. Ni da ko fallen kwano ɗaya ban taɓa sayarwa ba. Lungun Inna Kande kuwa na daina bi, sai in zagaya ta nesa. Da Salla ta zo ba yadda zan yi, na je gaisuwa. Ta amsa a gajarce, ta ce, "Ina jin ƙarfen Malam a bayan 'yan achaɓa. Ashe kasuwa ta buɗe." Na sunkuyar da kai har na fito.

Sai ga muguwar shekarar. Marka ta kama, aka jera kwanaki ba a ga rana ba, katangu duk sun yi baƙi da danshi har zuwa ƙugu. Da sassafe Malam Sanusi ya kira ni, muryarsa ba yadda na saba ji ba. Ya ce wanda ke tafe ya fi wanda ya sauka, ga ƙasa ta riga ta ƙoshi, don Allah a fitar da mutane daga ɗakunan soro. Na dubi babur ɗin da sunan kamfani a jikinsa, na bar shi a zaure. Lasifikar ma na bar ta. Na ɗauki ƙarfe na fita da ƙafa, yadda aka koya min.

Matsayar farko na hau dakali, na saurara, na buga. Taɓarya ba ta tsaya ba. Na sake bugawa da ƙarfi har ƙusar ta ci min yatsa. Daga bayan katanga wata mata ta ce, "Ba mu da kuɗin kwano, a yi gaba!" Wasu suka yi shewa. Na faɗi maganata duk da haka, na rantse da Allah ba talla ba ce, na maimaita har murya ta dushe. A wani lungun yara suka biyo ni suna rera, "Soronka na yoyo?" Ba kowa ne ya ƙi ba, akwai waɗanda suka leƙo suka ga fuskata suka gane. Kuma Allah ya taimaka mai unguwa ya roƙi limamai suka faɗa bayan salla, maza da yawa suka koma gida suka kwashe iyalinsu. Amma gidajen da mazan suka tafi kasuwannin ƙauye, da gidajen zawarawa da tsofaffi, waɗannan nawa ne. Don su aka yi sana'ata, kuma ranar sun toshe min kunne.

Gidan Baba Yero ba na sallama a zaure in tsaya, ɗan gida ne ni. Na shiga kai tsaye. 'Ya'yan Inna Kande maza ba sa nan, sai surukarta Hauwa, wadda ɗakinta ke da rufin kwano. Ita Inna tana tsohon ɗakinta na soro, zaune a kan gado, ta jera kwanoni a ƙasa suna tarar ɗigo. Na ɗaga kai na ga azara ta yi ciki, kuma ba ruwa kaɗai ke faɗowa cikin kwanonin ba, har da ɓarɓashin ƙasa.

Na durƙusa na ce, "Inna, don girman Allah ki koma ɗakin Hauwa, ko na kwana biyu ne. Nata mai kwano ne, zai riƙe."

Ta dube ni. "Mai kwano ko? To, an zo wurin."

"Inna, ba haka nake nufi ba."

"A ɗakin nan aka kawo ni amarya, Ɗalhatu. Kowace damina yana ɗiga, kowane rani ana yaɓe shi. Bai taɓa cin amanata ba."

"Na bana ba irin na kullum ba ne. Ba ki ji na buga ƙarfe ba?"

"Na ji mana. Jiya ma na ji, shekaranjiya ma na ji. A wayar jikana ma ina ji in budurwarsa ta kira."

Na yi magiya, na rantse, na kawo sunan Baba Yero, abin da ya ƙara ɓata mata rai ke nan. Ta juya min baya ta ɗauki carbi. Na fito tsakar gida na ce wa Hauwa ta yi ƙoƙari. Ta ce, "Baba Ɗalhatu, ni ce zan ɗaga uwar mijina daga ɗakinta? In ta ƙi jin taka, tawa za ta ji?" Ta yi alkawari za ta kira mijinta a waya. Ni kuma ga sauran lunguna suna jirana, na tafi.

Ruwan ya sauko kamar yadda aka faɗa, har ya fi. Washegari bayan azahar rabin soron ya zauna. Ba a nemi mai shela ba, ƙarar faɗuwar ta tara maƙwabta. Da hannu da fartanya aka tone ta, azara ta danne mata ƙugu. Tana da rai, aka ɗauke ta zuwa asibiti. Ta yi jinya mai tsawo, aka dawo da ita gida, amma ba ta sake tsayawa da ƙafafunta ba. Ɗakuna da dama sun faɗi a birni a wannan makon, wasu ba kowa a ciki, wasu da mutane.

Bayan damina aka sake zama a zauren mai unguwa. Malam Sanusi ya zo, Bashir ma ya zo, duk jikinsa a sanyaye. Aka gyara tsari. Aka ce ba za a sake haɗa gargaɗi da talla a numfashi ɗaya ba, duk mai son taimakawa ya taimaka a rubuta sunansa a wani wurin, kuma mai sanarwa dole ya tsaya ya kashe inji. Shi ne tsarin da kuka tarar, shi ya sa ake ce muku ku tsaya kuna ƙunƙuni wai ana ɓata muku mai. Ni ban ce a daina haɗa hannu da 'yan kasuwa ba, don gwamnati ita kaɗai ba za ta shiga lungunan nan ba, na gani da idona. Abin da nake ce muku shi ne, ku san me za ku ba su, ku san me ba za ku ba su ba ko da sun yi muku murmushi. Sana'ar nan ba murya ba ce, kowa yana da murya. Kunnen mutane ne jarin, kuma ba naku ba ne, aro aka ba ku.

Na daɗe ban je duba Inna Kande ba bayan an sallamo ta. Kullum in shirya, in kai bakin lungun, kunya ta juyo da ni. Sai da matata ta ce in ban je ba ita za ta je ta ce na mutu, sannan na daure. Na same ta kwance a ɗakin Hauwa, ta rame, an jingina ta da matasai. Ina tsammanin za ta kau da kai, ko ta yi min irin baƙar maganarta in ji sanyi. Sai ta washe baki ta ce, "A'a, Ɗalhatu ne? Hauwa, shimfiɗa masa tabarma, ki dama masa fura." Ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Na yi mata sannu, na buɗe baki zan ba ta haƙuri, ta ɗaga min hannu.

"Ni ce zan ba ka haƙuri. Rannan ka zo har gida da sana'arka, na juya maka baya. Ba raini ba ne, ɗana, ba ni da halin saye ne, kuma na ji nauyin in faɗa maka."

Na ce, "Inna, wallahi ni ba..."

"Bari in gama. Yanzu tunda ya faɗi, yaran sun ce za su haɗa hannu su tayar da ɗakin, su rufa masa kwano. Na ce musu kada su kuskura su je wurin wani, ga ɗan gida yana harkar. A wurinka za a saya, kai ma ka samu ɗan abin da za ka samu. Sai ka turo mutanen naka su auna."

Hauwa ta ajiye min kwanon fura a gabana. Inna Kande tana kallona da fara'a, tana jira.

Na ce, "To, Inna."